Koyon karatu da lafazin harshen Tibet ta bidiyo: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya ƙudurta koyon harshen Tibet alhali yana zaune nesa da duwatsun Himalaya, yawanci ba shi da malami sai wayarsa. Tambayoyin nan su ne waɗanda irin wannan ɗalibi kan ci karo da su tun daga makon farko har zuwa lokacin da bakinsa ya fara sakewa. Duk inda na kawo lafazi, na birnin Lhasa nake nufi, sai fa in na ambaci wani, domin shi ne mafi yawan darussan bidiyo suke koyarwa.

Rubutun Tibet irin na Sin ne, mai alamomi dubbai?

Ko kusa. Tibet tana ƙarƙashin mulkin Sin a yau, amma rubutunta daga Indiya ya samo asali, dangi ne ga rubutun Hindi da na Bangali. Labarin da mutanen Tibet suka gada shi ne, a ƙarni na 7 Sarki Songtsen Gampo ya aiki wani bafadensa mai suna Thonmi Sambhota ƙasar Indiya neman ilimi, da ya dawo ya tsara musu haruffa. Baƙaƙe 30 ne da alamomin wasali 4, ana rubuta su daga hagu zuwa dama. Da waɗannan haruffa ake rubuta Dzongkha, harshen gwamnatin Bhutan, da harshen mutanen Ladakh a arewacin Indiya.

Ta ina ake kama baƙaƙen nan 30?

A jere suke hurhuɗu, layi bakwai da rabi: ka kha ga nga, ca cha ja nya, ta tha da na, pa pha ba ma, tsa tsha dza wa, zha za 'a ya, ra la sha sa, ha a. Wanda ya jera su ya san abin da yake yi. Layin farko daga can hanɗa ake furta shi, na biyu daga ganɗa, na uku daga bayan haƙora, na huɗu daga leɓɓa. A cikin waɗannan layuka huɗu kuma, baƙin farko ba ya fita da iska, na biyu yana fita da ita, na uku murya ce a ƙasa, na huɗu ta hanci yake bi. Saboda haka ka haddace su a jeren nan kamar yadda malamin ke rera su, kada ka tsinci ɗaya can ɗaya nan.

Kowane baƙi yana ɗauke da wasalin a a cikinsa, ba sai an rubuta ba. Sauran huɗun ne ake sa wa alama, kuma kowace da sunanta: gigu ita ce i, shabkyu u, drengbu e, naro o. Uku a bisa suke zama, shabkyu ce kaɗai ke ratayawa a ƙasa: ཀ ཀི ཀུ ཀེ ཀོ, wato ka ki ku ke ko. Wanda ya san wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a a ajami ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Akwai 'yan tagwayen da ke rikita ido da farko. པ da བ, wato pa da ba, bambancinsu ɗaya a buɗe take a sama ɗaya a rufe. ང da ད, nga da da, tsawon ƙafa ne ya raba su. ཅ da ཙ, ca da tsa, ɗan tozon da ke kan ta biyun ne kawai. Sannan babu tazara tsakanin kalmomi. Wani ɗigo ne da ake kira tsek yake biyo bayan kowace gaɓa, wata sanda a tsaye mai suna she kuma take nuna inda magana ta tsaya.

Me ya sa abin da ke rubuce daban, abin da malamin yake faɗa daban?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne mafi yawan masu farawa suke ajiye karatun. Malamin zai nuna maka བརྒྱད, ka ƙirga baƙaƙe biyar, b da r da g da y da d, sai ka ji ya ce gye. Ma'anarta takwas. Gaisuwar nan da kowa ya sani, tashi delek, a rubuce bkra shis bde legs ce.

Dalili shi ne an daidaita ƙa'idar rubutun tun farkon ƙarni na 9, lokacin da sarakuna suka sa malamai suna fassara littattafan addinin Buddha daga Sanskrit, tsohon harshen Indiya, kuma tun daga nan ba a yi mata wani babban gyara ba. Baki kuwa bai tsaya jiran alƙalami ba. Shekara fiye da dubu ana magana, mutanen Lhasa suka haɗiye baƙaƙe da yawa daga farkon gaɓa da ƙarshenta. Amma baƙin da aka haɗiye ba ya tafiya haka nan, sai ya bar sawu: ko ya ɗaga murya, ko ya hana iska fita, ko ya canza wasali. Sawun nan shi ne abin da za ka koya.

Ga yadda ake gina gaɓa. Akwai baƙin tushe a tsakiya. Gabansa wani na iya shigowa, ɗaya daga cikin biyar: ga, da, ba, ma, 'a. Bisa kansa ra ko la ko sa na iya hawa. A ƙarƙashinsa ya ko ra ko la ko wa na iya ratayawa. Bayansa ɗaya daga cikin goma na iya biyowa: ga, nga, da, na, ba, ma, 'a, ra, la, sa. Bayan wannan ma sa na iya sake maƙalewa. Misalin da malamai suka fi so shi ne བསྒྲུབས, bsgrubs, domin ta cike kowane gurbi: b a gaba, s a bisa, g ce tushe, r a ƙasa, u wasali, b a baya, s a bayan baya. Duk wannan kaya, drup ake cewa.

Na gaba da na bisa ba a furta su a Lhasa. Na ƙasa su ne masu juya baƙi: pya ta koma ca, phya ta koma cha, mya ta koma nya, kra da tra da pra duk su narke su zama sauti ɗaya, wata irin t da ake naɗe harshe baya a furta. Na baya kuma, da da sa shiru suke yi amma su matse wasalin da ke gabansu, shi ya sa las, aiki, ta zama le, lus, jiki, ta zama lü, bod, sunan ƙasar kanta, ta zama phö. Na da la ma suna yin wannan matsi. Akwai kuma 'yan tawayen da sai dai hadda: zla da ake cewa da, shi ya sa zla ba, wata na sama, ta zama dawa, sunan da za ka ji ana kiran mutane da shi da yawa.

Ƙa'idojin suna da yawa amma suna da iyaka, kuma ba sa cika yaudara. Wanda ya riƙe su zai iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Komawa baya ne ke da wuya, wato ka ji kalma ka rubuta ta daidai. Wannan har 'yan ƙasa sai sun sha makaranta.

Yaya zan gane baƙin tushe a cikin tarin haruffa?

Duk baƙin da ka ga alamar wasali a kansa ko a ƙarƙashinsa, ko wani ya hau shi, ko wani na rataye da shi, to a wannan gungun tushen yake. In babu ko ɗaya: haruffa biyu, na farko ne, huɗu, na biyu ne, uku, yawanci na tsakiya, sai dai in na ƙarshe sa ce ta bayan baya, to a nan na farko kan zama tushe. Wannan na ukun shi ne mai 'yan rikice-rikice, kuma kalmomin ba su da yawa, za ka san su da fuska.

Na ga malamin yana rera wani abu kafin ya faɗi kowace kalma. Dole ne in koyi wannan?

In da abu ɗaya zan roƙe ka kada ka tsallake, shi ne wannan. Suna kiransa jorlok, kuma duk wanda ya zauna gaban malam da allo ya san shi ko da bai taɓa jin sunan ba: babbaƙu ne da farfaru. Yaro a Tibet yakan kira sunan baƙi, ya kira sunan wasali, sannan ya haɗa. Ka gigu ki. Ka shabkyu ku. In wani ya hau wani, sai ya ƙara ta, ma'ana an ɗaura: ra ta-ta ta, ga doki nan, རྟ. In akwai na baya, sai ya faɗi gaɓar kafin shigowarsa, ya kira shi, ya sake faɗinta bayan ya yi aikinsa: pha naro pho, da, phö, wato bod ɗin nan, domin a Lhasa harafin ba pha ake kiransa.

Dubi abin da rerawar take yi maka. A numfashi ɗaya ta gaya maka yadda ake rubuta kalmar, ta nuna maka wane baƙi ne ya canza me, ta kuma sa lafazin a bakinka. Ɗaliban da suka zo daga ƙasashen da ba a san irin wannan karatu ba sukan ga kamar wasan yara ne, su zarce zuwa jadawalin ƙa'idoji su haddace da ido. Bayan wata uku sai ka same su suna tsayawa a kan kowace gaɓa suna lissafi kamar mai ba da canji. Wanda ya rera kuwa bakinsa ne ke tuna masa.

Bidiyo ya dace da wannan aiki ƙwarai, in dai ba kallo kawai za ka yi ba. Malamin ya rera, ka tsayar, ka maimaita da ƙarfi har na kusa da kai ya ji. Karatu a zuci ba ya gyara harshe. In kana jin kunyar mutanen gida, ka nemi lokacin da babu kowa, amma ka ɗaga murya.

Waɗanne sautuka ne suka fi ba mai jin Hausa wahala?

Na farko shi ne iska. Ka da kha baƙaƙe biyu ne daban, haka ca da cha, ta da tha, pa da pha, tsa da tsha. Harafin h ɗin nan da ake maƙalawa yana nufin huci ne kawai ya biyo bayan baƙin. Tamu k ta Hausa tana fita da 'yar iska kaɗan, don haka ta tsaya a tsakani, ba ta zama ka ba, ba ta kai kha ba. Riƙe 'yar takarda gaban leɓɓanka: in ka ce kha ta kaɗa, in ka ce ka kada ta motsa. Kuskuren da ya fi saurin zuwa mana shi ne mu kai hannu ga ƙ, tunda ita ce k ta biyu da muka sani. Babu ƙ a harshen Tibet. Haka tsa ɗinsu ba irin ta tsamiya ba ce mai tsartuwa daga maƙogwaro. T ce da s a haɗe, a sake.

Na biyu, pa da pha. Mu da muke cewa fanka ko panka duk ɗaya, a nan dole leɓɓa su rufe ruf su buɗe. Pha kuma ba fa ba ce ko kaɗan, p ce mai huci. Tha ma t ce mai huci, babu sa harshe tsakanin haƙora.

Na uku, nga a farkon kalma. Sautin muna da shi, shi ne wanda ke fita a ƙarshen nan da can in ka tsaya a kansu, amma ba mu saba buɗe baki da shi ba. Gashi kuwa kalmar da ke nufin ni ita ce nga, ba makawa. Dabarar da ta fi aiki: ka ce can, ka riƙe sautin ƙarshe yana guna a hanci, sannan ka saki a, ba tare da g ta fito ba.

Na huɗu, wasulan nan ü da ö. Wanda ya yi makaranta a Nijar ko Kamaru ko Cadi ya riga ya samu a ɓagas, su ne na tu da peu a Faransanci. Sauranmu: ka ce i, ka bar harshe inda yake, ka tsuke leɓɓa kamar mai shirin fito, ü ke nan. Ka yi haka da e, ö ke nan. Sai lha ta sunan Lhasa, l ce da ake furtawa da huci ba tare da murya ba.

Ba duka ne wahala ba. Kya da gya da ke gagarar Turawa, mu muna da su a kyau da gyaɗa. Harafin c ma da ake rubuta ཅ da shi daidai yake da namu na ciki da cuku.

An ce harshen yana da karin sauti. Irin namu ne?

Dangi ne, kuma kunnen da ya raba wuya ta jiki da wuya ta wahala, ko kuka na hawaye da kuka ta miya, ya riga ya yi rabin tafiya. Lhasa tana da karin sama da na ƙasa. Sa da murya a sama ƙasa ce, wadda ake takawa; za, wadda ake furtawa sa da murya a ƙasa, ci ne. Nga a ƙasa ni. Lnga, wadda ake furtawa nga a sama, biyar. Na taɓa yin kwanaki ina gabatar da kaina a matsayin biyar kafin a ja mini kunne.

Bambanci biyu ne da namu. A Hausa kowace gaɓa da karinta. A Lhasa gaɓar farko ce ke riƙe da ragamar kalma. Kuma mu ba ma rubuta kari, su kuwa rubutunsu yana gaya maka, in ka iya karanta shi. Na farko da na biyu a layuka biyar na farko, su ka da kha, sama ne kullum. Na uku, su ga da ja da da da ba, ƙasa ne, kuma in suna su kaɗai mutumin Lhasa yana furta su da huci, shi ya sa ja, shayi, ake jin ta cha da murya a ƙasa. In wani ya shigo gabansu ko ya hau kansu, hucin ya ɗauke, muryar ta zauna a ƙasa. 'Yan hanci, su nga da nya da na da ma, ƙasa ne, amma da zarar wani ya hau su ko ya shiga gabansu sai su tashi sama. Ka ga aikin l ɗin nan ta biyar da ba a furtawa.

Malamai biyu na kalla, kowa da lafazinsa. Wa ke da gaskiya?

Mai yiwuwa dukansu. Masu magana da harsunan Tibet sun kai kimanin miliyan 6, a warwatse cikin ƙasa mai faɗi da duwatsu, kuma manyan kare-karen uku ne: na Ü-Tsang inda Lhasa take, na Kham a gabas, da na Amdo a arewa maso gabas. Tazarar ta wuce ta Kananci da Sakkwatanci nesa ba kusa ba. Makiyayin Amdo da ɗan Lhasa na iya zama su kasa fahimtar juna, alhali littafi ɗaya suke karantawa. Amdo ba ta da karin sauti, kuma ta riƙe wasu baƙaƙen gaba da Lhasa ta zubar. Can yamma a Ladakh da Baltistan ma haka, takwas ɗin nan a bakinsu da t take ƙarewa a fili. Sannan ga lafazin 'yan gudun hijira da ya tashi a Indiya da Nepal bayan Dalai Lama, jagoran addinin Buddha na Tibet, ya bar ƙasar a 1959: ginshiƙinsa na Lhasa ne amma ya gauraya, kuma malaman intanet da yawa daga can suke.

Shawarata, ka zaɓi malami ɗaya, ka duba daga ina ya fito, ka bi shi har ka gama haruffa da haɗe-haɗensu. Yawon kunne tsakanin tashoshi biyar a watan farko shi ke haifar da lafazin da ba na kowa ba.

Me ya sa kalma ɗaya nake ganinta da haruffan boko iri biyu?

Domin aiki biyu ake yi. Akwai tsarin Wylie, wanda wani malamin jami'a Ba'amurke, Turrell Wylie, ya fitar a 1959. Shi yana kwafo harafi da harafi, ko ana furtawa ko ba a furtawa: sangs rgyas. Akwai kuma rubutun lafazi da ke bin abin da kunne ya ji: sangye. Na lafazin ba ɗaya ba ne. Akwai wanda David Germano da Nicolas Tournadre suka tsara a 2003, akwai wanda gwamnatin Sin ke amfani da shi a taswira da alluna, akwai kuma wanda kowane malami ya ƙaga wa ɗalibansa.

Wylie ka koye shi, za ka buƙace shi wajen neman kalma a ƙamus da bugawa a kwamfuta, amma kada ka taɓa karanta shi a bayyane kamar Hausa. Na lafazin kuwa sanda ce ta gurgu. In malamin yana sa shi a ƙarƙashin allo, bayan mako biyu ka rufe wurin da yatsa ko da guntun takarda, in ba haka ba idonka zai riƙa zamewa can, ka gama darasi talatin ba ka karanta harafin Tibet ko ɗaya ba.

Sai na koyi rubutawa da hannu, ko karantawa ta isa?

Ka rubuta. Hannu yana riƙe abin da ido ke saki, musamman tagwayen nan da haruffa masu hawa juna. Salon da za ka fara da shi sunansa ucen, mai kai, saboda ɗan layin da ke kwance a saman kowane harafi. Shi ne na littattafai da waya. Daga wannan layi ake farawa, a ja daga hagu zuwa dama, sannan a gangaro, kuma haruffan rataye suke daga layin sama, ba zaune suke a kan na ƙasa ba. Ɗayan salon shi ne ume, marar kai, na wasiƙa da rubutun yau da kullum, yana da rassa har zuwa khyuk mai gudu wanda sabon shiga ba ya gane ko harafi. Wannan ka bar shi sai gaba.

Abin da zai ba ka murmushi: yaran Tibet a da kan allon katako suke koyo, jangshing suke ce masa, da alƙalamin gora da tawada, a ja layuka da zare mai alli, in an cika a wanke a sake. Littattafansu na gargajiya ma, peca, warƙoƙi ne dogaye da ba a ɗinke ba, a naɗe cikin ƙyalle. In kana da alƙalamin kara, fere bakinsa a karkace, zai ba ka kauri da sirantar da biro ba ya bayarwa.

Yaya zan gane darasin bidiyo mai kyau?

Mai magana ɗan harshen ne, ko kuwa akwai ɗan harshen da ke furta misalan. Ana ganin bakinsa. Yana faɗin karin da yake koyarwa. Yana yin jorlok. Yana barin shiru bayan kowace kalma don ka maimaita. In ka ga wanda ya yi alkawarin karatu cikin sa'a ɗaya, haruffa 30 ɗin kawai zai nuna maka ya tsaya daidai inda aikin ya fara. Kiɗa a bayan murya ma aibi ne, yana binne huci da kari.

Mafi yawan darussan da Turanci ake bayani, wasu da Sinanci ko Faransanci. Mai jin Faransanci yana da wata riba: littafin koyon da Tournadre ya rubuta tare da Sangda Dorje da Faransanci ya fara fita a 1998, kafin fassarar Turanci ta 2003.

Batun data: sauke bidiyon lokacin da ta yi araha ka riƙa maimaitawa, domin darasi ɗaya sau goma ya fi goma sau ɗaya. Kada ka rage hoton ƙwarai, ɗan tozon tsa da alamomin wasali kan ɓace. YouTube yana barin ka rage gudu, 0.75 ya isa, ƙasa da haka sautin kan lalace. Kuma ka saƙala abin ji a kunne, lasifikar waya ba ta fitar da huci sosai.

Wayata tana nuna akwatuna maimakon haruffa, ko kuma haruffan suna wargajewa.

Matsalar salon haruffa ce. Rubutun Tibet yana cikin Unicode, tsarin haruffan na'urori na duniya, tun 1996, kuma wayoyin zamani suna nuna shi, sai dai tsofaffi kan kasa ɗora harafi bisa harafi. A kwamfuta Windows tana da Microsoft Himalaya, na'urorin Apple suna da Kailasa, akwai kuma Jomolhari da Noto na Google kyauta. Don bugawa, Gboard da iPhone duka suna da madannan Tibet a cikin jerin harsuna. Ƙamusun Monlam yana nan a matsayin manhajar waya. Google Translate ya ƙara harshen a 2024. Yana taimakawa wajen hango ma'ana, amma kada ka koyi jimla daga gare shi.

Zai ɗauke ni tsawon wane lokaci?

A ganina, da rabin sa'a kullum, baƙaƙe da wasula mako biyu zuwa uku. Haɗe-haɗe da ƙa'idojin lafazi wata biyu ko uku. Karatu ba tare da in'ina ba kuwa sai abin da ka zuba. Rabin sa'a kullum ta fi sa'a huɗu ranar Lahadi.

Koyon harshen yana nufin shiga addinin Buddha?

A'a, kamar yadda koyon Hindi ba ya mai da mutum mai bin addinin Hindu. Gaskiya ne mafi yawan tsofaffin littattafan na addinin ne, kuma darussa da yawa an yi su ne don masu son karanta addu'o'insu, don haka misalansu daga can suke. In ba wannan kake nema ba, ka nemi darussan harshen magana, inda za ka tarar da shayi da kasuwa da tambayar hanya. Akwai Musulmi 'yan asalin Lhasa da ake kira Khace, sunan da ya fito daga Kashmir, waɗanda zamansu ya kafu tun zamanin Dalai Lama na 5 a ƙarni na 17, kuma akwai masallatai a birnin. Mutanen Baltistan a arewacin Pakistan Musulmi ne, harshensu ɗan gidan Tibet ne, suna rubuta shi da haruffan Larabci irin na Farisa, wato nasu ajamin.

In na iya karantawa, zan iya hira ke nan?

Da saura. Harshen littafi da na baki sun rabu kusan yadda Larabcin littafi ya rabu da na kasuwar Alƙahira. Ka yanke tun wuri wanne kake so. Haruffa da lafazi ɗaya ne, daga nan hanya ta rabu.

A na bakin, abu uku za su tare ka. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Ƙarshen jimlar kuma yana nuna yadda ka san abin da kake faɗa: yin da yö na abin da ya shafe ka ne, duk na abin da ka gani da idonka, re na abin da aka sani ne kawai. Sai harshen girmamawa, shesa, wanda mutanen Lhasa suka shahara da shi. Mu mukan ce ku ga babba mu ƙara ranka ya daɗe. Su kalmar ce gaba ɗaya ke canzawa. Kaina go ne, kan malam u. Hannuna lakpa, nasa chak. Ruwana chu, nasa chap. Ba a yi wa kai shesa, kamar yadda ba ka ce wa kanka ranka ya daɗe. Mafi sauƙin farawa shi ne la da ake ƙarawa bayan sunan mutum ko muƙaminsa: malami gen ne, in za ka kira shi sai ka ce gen-la.

To bidiyo kaɗai ya isa?

Ya isa ya kai ka ga karanta ucen da lafazi mai kama da daidai. Abin da ba ya iyawa shi ne ya ji ka. Kuskuren huci da na kari irin wanda mai yinsa ba ya ji ne, kuma in ya kwana biyu a baki cire shi sai an sha fama. Matakin farko kyauta ne: naɗi muryarka a waya kana karanta layin da malamin ya karanta, ka saurari nasa, ka saurari naka, a jere. Za ka ji abin da ba ka so, amma za ka ji.

Bayan wata biyu ko uku ka nemi ɗan harshen ya saurare ka, ko da sau ɗaya a mako ne. Ƙungiyar Esukhia a Indiya tana haɗa ɗalibai da masu harshen ta intanet. Cibiyar Rangjung Yeshe da ke Kathmandu tana da darussan nesa. Ɗakin karatun ayyukan Tibet na Dharamsala, wanda aka kafa a 1970, ya daɗe yana koyar da baƙi ga mai halin zuwa. Kafin zaman ka tanadi jerin kalmomi masu kama da juna, ka da kha, sa da za, nga da lnga, ka karanta su a hargitse, ka ce ya gaya maka wadda ya ji, domin in ka bar shi da ladabinsa zai ce maka ka iya.

Ka kuma lura da agogo wajen sa lokaci. Indiya tana gaban Najeriya da Nijar da sa'a huɗu da rabi, Nepal da sa'a huɗu da minti 45. Darasin ƙarfe 9 na safe a Dharamsala, 4:30 ne na asuba a Kano da Zinder. Ka roƙi na yammacinsu: ƙarfe 6 a can, 1:30 ne na rana a nan.